Fankar cikin kwali da zafin Nima

Abin da ke ba ni haushi game da furosesar kwamfutar tebur, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, shi ne 'yar fankar da ake haɗowa da ita cikin kwali, wadda masu ƙerawa ke cewa ta isa ta sanyaya ta. Wataƙila ta isa a ɗakin gwaji mai sanyi, amma a shagon gyaran bidiyo a unguwar Nima da ke Accra, cikin watan Maris da zafin Accra kan haura digiri 30, ba ta kai ko'ina ba. Ƙarfen alminiyon da ke ƙarƙashin fankar, mai zuƙe zafin furosesa, siriri ne, man da aka shafa masa tun daga masana'anta yakan bushe, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙoransa.

Da zarar an fara haɗa bidiyon biki, sai zafin furosesar ya doshi digiri 95 ko 100, inda yawancin furosesa na zamani ke rage gudunsu da kansu don kada su lalace. Fanka tana ta ƙara, aiki yana tafiyar hawainiya, mai biki kuwa yana tsaye yana jira. Idan ɗaya daga ƙusoshin roba huɗun da ke riƙe ta ya karye, dole mutum ya shiga cunkoson Circle, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Accra, neman wata fankar da kuɗin aljihunsa.