A karanta rubutun da ke jikin firosesa kafin a ɗora ta a sikeli

Kwanakin baya na tsaya wajen wani ɗan gwangwan a bayan layinmu ina neman wata tsohuwar fanka ta kwamfuta, sai idona ya faɗa kan wani gwangwanin madara cike da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, an zuba su kamar tsakuwa, wasu ƙafafun sun lanƙwashe wasu an ɓanɓare musu murfi da sukundireba. Na sa hannu na ɗauko ɗaya mai nauyi, ta tangaran, launinta tsakanin toka da shunayya, na goge ƙurar da bakin rigata sai ga rubutu ya fito, A80486DX2-66. Na ce wa yaron, ɗan samari ka san mece ce wannan? Ya ce Baba ai mai gwal ce, irin su ake ware wa daban, kuɗinsu ya fi. Bai yi ƙarya ba, akwai ruwan zinare a ƙafafunta da murfin ƙasanta. Amma abin da ke hannuna a lokacin ƙwaƙwalwar kwamfuta ce da kamfanin Intel ya fitar a 1992, wadda a zamaninta duk ofishin da ya mallake ta sai an zo kallo, kuma saura ƙiris ta tafi inda za a jiƙa ta a asid don a tsamo zinaren.

Ni dai ra'ayina ke nan kuma ba zan ɓoye ba, muna fasa tarihi muna sayar da shi a kilo, kuma abin da ke jawo hakan rashin iya karanta ɗan rubutun nan ne da ke jikin kayan, wanda a yini ɗaya mutum zai koya.

Ƙasar nan ta yi shekaru tana karɓar tsofaffin kayan lantarki daga Turai da Amurka, kwantena kan kwantena ta tashar Legas, a sauke a Alaba da Computer Village ta Ikeja, daga nan su hauro Arewa har Beirut Road a Kano, abin da muke kira Beljiyam ko tokumbo. A Ghana ma haka, kowa ya ji labarin Agbogbloshie da ke Akara inda matasa, da yawansu ƴan Arewacin ƙasar, ke ƙona waya don cire jan ƙarfe har hukuma ta rushe wajen a 2021. An daɗe ana kuka kan gubar da ke cikin wannan shara kuma kukan gaskiya ne, tun abin da ya faru a garin Koko a 1988 da aka jibge gangunan guba daga Italiya, wanda yana cikin abubuwan da suka zaburar da duniya har aka sa hannu a yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba a 1989. Abin da ba mu cika magana a kai ba shi ne a cikin sharar nan da suka turo mana har da abubuwan da su kansu yanzu suke bin gwanjo suna nema ido rufe.

A 2015 wata mata a Kalifoniya tana share garejin gida bayan rasuwar mijinta, ta kwashi kwalaye ta kai wani kamfanin sarrafa tsofaffin kayan lantarki ta ajiye ta yi tafiyarta, ashe a ciki akwai Apple I, kwamfutar farko da Steve Jobs da Steve Wozniak suka haɗa a 1976 wadda kusan 200 kacal aka yi. Kamfanin ya sayar da ita dala 200,000. Wata irinta a 2014 an saye ta dala 905,000 a gwanjo, gidan tarihin Henry Ford ne ya saya. Ban kawo wannan don wani ya fara mafarkin zai tsinci Apple I a bola ba, kuma ma gara in faɗa tun yanzu, yawancin abin da za ka gani a wajen ƴan gwangwan Pentium 4 ne da Celeron da Core 2 Duo waɗanda aka buga su miliyoyi, masu tarawa ba su damu da su ba, waɗannan kam su tafi sikeli. Tsufa kaɗai ba ya sa abu daraja. Sai dai idan a can inda aka ƙera abin ma ana iya jefar da shi cikin rashin sani, to ina ga mu.

Ganewar ba wuya. Ka fara da jikin, tangaran ne ko roba, domin tsofaffin masu daraja yawanci tangaran ne, kuma a tsofaffin Intel harafin farko ma yana gaya maka, C tangaran mai murfin ƙarfe, D tangaran mai ɓari biyu da aka manne, P roba. Shi ya sa 4004, firosesar farko da Intel ya kai kasuwa a 1971 mai taransista 2,300 wadda aka yi wa wani kamfanin kalkuleta na Japan mai suna Busicom, idan C4004 ce fara mai murfin zinare kuɗinta ya ninka na P4004 ta roba nesa ba kusa ba, alhali aikinsu ɗaya. Sai lambar suna, 8086 ta 1978, 8088 wadda IBM ya sa a kwamfutarsa ta 1981, 286 ta 1982, 386 ta 1985, 486 ta 1989, Pentium ta 1993. A kan guntaye da yawa kuma akwai lamba huɗu ta kwanan ƙira, ka ga 8432 to mako na 32 ne na shekarar 1984. Inda mutane ke kuskure shi ne shekarar da ke kusa da alamar haƙƙin mallaka, wannan shekarar zanen ce, ba ranar da aka ƙera wadda ke hannunka ba. Akwai kuma wata gajeriyar lamba ta Intel mai farawa da S, ita ce ke bambance zubi da zubi, idan kuma ka ga ta fara da Q to samfurin gwaji ne da aka ba injiniyoyi, ba a sayar da shi a kasuwa ba, irin wannan ka riƙe da kyau.

Lambar S ɗin nan ita ce ta fi burge ni, saboda labarin Pentium. A 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano cewa Pentium tana kuskure a wasu lissafan rabawa. Idan ka raba 4195835 da 3145727 amsar gaskiya tana farawa da 1.33382, ita kuwa sai ta ba ka 1.33373. Da farko kamfanin ya so ya ce abin bai kai ya kawo ba, mutane suka yi ca, daga ƙarshe ya amince zai musanya wa kowa, abin ya ci masa dala miliyan 475. To waɗanda ba a mayar ba, masu kuskuren, su ne yanzu ake nema, kuma da ido ba ka bambance su da masu lafiya sai da wannan ƴar lambar. Ka yi tunanin darasin da malamin kwamfuta a BUK ko ABU zai bayar idan yana da injin nan a gaban ɗalibai, ya buga lissafin su gani da idonsu cewa na'ura ma tana kuskure kuma ga dalilin.

Na san abin da za a ce, mutum na neman na tuwo kana masa zancen tarihi. Gaskiya ne kuma ba na ganin laifin yaron nan ko kaɗan, sana'arsa yake yi ta halak, yana shan rana yana tura baro. Amma ko ta fuskar kuɗin aka duba, hujjar tana wajena. Zinaren da ke jikin firosesa ɗaya ɗan ruwa ne da aka shafa, ko Pentium Pro ta 1995 da ƴan narkawa suka fi so saboda faffaɗan murfinta, abin da ake samu a ciki bai kai giram ɗaya ba, sannan mai tsamo shi da asid a bayan gida huhunsa ne ke biya. Guntun da ba a cika samu ba, idan ƙafafunsa na miƙe rubutunsa bai goge ba, ya fi daraja a raye. Abin da ya rage shi ne mai saye na kusa, kuma nan ne nake ganin sakacin jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, ƙaramin ɗaki ɗaya da kabad mai gilashi ya isa a fara, a gaya wa ƴan gwangwan duk wanda ya samu mai tangaran ya kawo za a ba shi abin da ya fi na sikeli. A Mountain View akwai gidan tarihin kwamfuta, a Bletchley Park ta Ingila akwai wani, mu da muke da Gidan Makama mun san amfanin ajiye kayan da.

Kuma ba tarihin Turawa kaɗai ke ciki ba. Injinan 486 da Pentium ɗin nan su ne suka zauna a bizines santa na Kano da Kaduna da Zariya a shekarun 1990, a kansu aka buga littattafan Hausa da furojet na ɗalibai da katin biki, lokacin da samun ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta sai da dabara, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan Hausa masu lanƙwasa don a samu sauƙi. A cikin had dis da filofi na waɗannan injinan akwai rubutun mutanenmu da babu kwafinsa a ko'ina.

Idan Allah ya haɗa ka da cikakkiyar tsohuwar kwamfuta, don Allah kada ka yi saurin jona ta a wuta. Duba bayanta tukun, da yawa daga Amurka suke an saita su a ƙarfin wuta 110 mu kuma wutarmu 230 ce, akwai ɗan jan makunni da ake turawa a jikin fawa, wato akwatin da wuta ke shiga. Buɗe ta ka nemi wani ɗan batir mai kama da ganga a kan bod ɗin, na zamanin 386 da 486 yana yoyo ya ci layukan tagulla har su yi kore, a cire shi. Kada a kankare saman firosesa da wuƙa ko sanfefa don ta yi ƙyalli, rubutun nan shi ne shaidarta.

Ita dai 486 ɗin wajen yaron nan na saye ta, tare da wata firosesa ta kamfanin AMD da wata ta Cyrix da na tono a ƙasan gwangwanin, na biya shi yadda ya faɗa ban yi ciniki ba. Ƙafa uku na 486 ɗin sun lanƙwashe a cikin 168, na zauna da bakin fensir mai tura gawayi na miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Na bar masa lambata na ce duk wadda ya gani mai nauyi ta tangaran ya kira ni kafin ya ɓanɓare murfin, shekaranjiya ya kira ya ce Baba an kawo wata doguwa mai murfin gwal.