Mai bincike daga NIIA ba kakakin gwamnati ba ne

Idan masani daga Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa ta Najeriya, wato NIIA, ya zo jami'a ya yi lacca kan dangantakar Najeriya da Nijar, ɗalibai da yawa sukan ɗauka matsayar gwamnati ce ya kawo musu. Sai a taso shi da tambaya: me ya sa kuka rufe iyaka a 2023?

Ba shi ya rufe ba. Cibiyar, wadda aka kafa a Legas a 1961, aikinta bincike ne, da wallafa, da ba da shawara. Yanke hukunci kuwa na shugaban ƙasa ne da Ma'aikatar Harkokin Waje. Sau tari shawarar masana takan ƙare a cikin durowa.

Ruɗanin yana da dalili. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin cibiyar, kuma shugabanninta sun sha tsallakawa su zama ministoci. Farfesa Ibrahim Gambari, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shugabance ta kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984. Bolaji Akinyemi ma haka, a 1985.

Su ma masanan neman wani abu ne ke kawo su jami'a. Ɗalibin da ya taso a Jibiya ko Illela ya san farashin buhun gero da kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Birnin Ƙonni bayan rufe iyaka, abin da mai bincike a Legas sai dai ya tambaya.