Dajin Michigan da tsakar gidan Funtuwa

Wata dattijuwa da muke aiki tare a nan Grand Rapids, a jihar Michigan ta Amurka, ce ta fara ba ni labarin Michigan Womyn's Music Festival, bikin waƙar mata da ta riƙa zuwa duk watan Agusta tun tana budurwa. Lisa Vogel na cikin waɗanda suka kafa shi a 1976, tana da shekara 19 kacal. Daga baya suka mallaki daji mai eka 650 kusa da garin Hart, inda mata zalla ke kwana a tantuna kusan mako guda. Su ke kafa dandamali, su ja wayar lantarki, su dafa abincin dubban mutane. Da yawa cikin mawaƙan da mahalartan 'yan maɗigo ne, kuma a Amurkar wancan zamani samun wurin da za su sake ba ƙaramin abu ba ne.

Tana ta zuba, ni kuwa hankalina ya koma gidan biki a Funtuwa. Ƙwarya kife a kan ruwa, ana kiɗan amada, ana rangaɗa guɗa, ba namiji ko ɗaya. Marigayiya Barmani Choge ta faɗi abin da ta ga dama a irin wannan fili, har da zugar mata su tashi su kama sana'a. Abin da matan Michigan sai da suka sayi daji kafin su samu, iyayenmu mata sun gaje shi ne.

Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji. Su a lokacin filin nasu ne, kuɗin ƙofa ma aljihunsu yake shiga. Tamu mawaƙiyar liƙi take tsinta ta tafi gida, kaset ɗinta kuwa, a zamanin kaset, maza ne ke bugawa su sayar a kasuwa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Bikin nasu ya tsaya a 2015, bayan zama na 40. Rigimar da ta daɗe tana cin sa ita ce wa za a bari ya shiga. A 1991 aka fitar da wata da ta sauya jinsi ta zama mace, daga nan masu adawa suka kafa sansaninsu a bakin ƙofa, wasu mawaƙa suka ƙaurace.

Da na gaya wa dattijuwar nan cewa a wajenmu 'yan daudu sun daɗe suna shiga hidimar bikin mata, har su ke riƙe da tukunya, sai ta ajiye kofin shayinta ta ce in maimaita.