Alat ba kuɗi ba ne, sai ka gani a asusu

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari. Ka ce 'yan kasuwa su rungumi tiransifa da POS don sun fi tsabar kuɗi aminci. Na yarda, amma ka tsallake wurin da gizo ke saƙar.

Ni atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Tun canjin kuɗi na farkon 2023, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, muka koma tiransifa ko muna so ko ba ma so. A azumin bara wani saurayi ya zo, fes da shi cikin shadda, ya zaɓi turmi huɗu, ya nuna min rasit a wayarsa, ga sunana, har alat ya shigo min. Na ba shi kaya, na raka shi da godiya. Da yamma na duba asusu, wayam! Ashe saƙon tes ne kawai aka ƙirƙira da sunan banki.

Yanzu yaron shagona ya sani: ba a sallamar kowa sai mun buɗe manhajar banki mun ga kuɗin sun shiga. Ko Alhaji ne, ya zauna a benci ya sha ruwa har sabis ya dawo.

Ka kuma manta masu bugo waya su ce BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, ya samu matsala, ka karanto lambar da aka turo maka. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP, wato wannan lambar sirri da ake turowa, a waya. Kawuna sau biyu ana gwada shi a wata ɗaya, shi da ko manhajar bai iya buɗewa ba.