Kafin a zuba sabuwar kwalta, wa zai yashe lambatu?

Duk lokacin da aka tashi maganar hanyoyin karkara da na ƙananan garuruwa, kukan jama'a ɗaya ne: a zo a zuba kwalta. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa kwana a taɓo da mai naƙuda a cikin mota ba ya buƙatar dogon turanci. Amma a ganina, kwaltar ba ita ce a kan gaba ba, domin ruwa ne ke cin hanya, mu kuma mun bar masa ita.

Ku tsaya gefen titi bayan an ɗauke ruwan sama. Lambatu ya cushe da yashi da ciyawa, bakin kwalbati ya toshe, ruwa ya rasa mafita ya kwanta. A hankali yake jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta har ta yi laushi. Sai babbar mota ta taka, wurin ya tsage, tsagar ta zama rami. Direbobi su kauce, su riƙa bin gefe, gefen ma ya zaizaye. Can bayan shekara a turo masu faci su cike ramin, su wuce lambatun ko kallo bai ishe su ba. Damina na dawowa, ramin ya dawo da 'yan'uwansa.

Lodi ma na da nasa kason. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi kan ninku kusan sau 16. Ke nan tirela guda mai lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci illa.

Tun 1988 Bankin Duniya ya yi lissafi: ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekaru 20, alhali kulawar da ba ta kai ta dala biliyan 12 ba za ta iya hana hakan. Me ya sa ba a ji ba? Sabuwar hanya ana ƙaddamar da ita, a kafa allo, a ɗauki hoto. Yashe kwalbati kuwa ba mai tafa wa kowa a kansa. Ƙari a kan haka, ƙananan hanyoyi yawanci a wuyan ƙananan hukumomi suke, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi da injiniyoyi.

Akwai inda aka gwada wata dabara. A shirin hanyoyin karkara da Indiya ta fara a 2000, ɗan kwangilar da ya gina hanya shi ke kula da ita har shekaru 5, don haka in ya yi ha'inci kansa ya cuta. A Kenya an daɗe da gwada ɗaukar mutumin yankin a ba shi kilomita 1 zuwa 2, da shebur da baro, aikinsa share magudanar ruwa da cike ƙananan ramuka. Tsarin yakan yi rauni in albashi ya makara, gaskiya ne. To a gyara biyan albashin. Kuma duk kwangilar hanyar da za a sa wa hannu, a rubuta a cikinta wanda zai kula da ita bayan an gama, da asusun da za a biya shi.