Taken Sudan ga 'yan wasan Sudan ta Kudu: wannan ba ƙaramin kuskure ba ne

Har yanzu abin da ya faru a birnin Lille na Faransa ranar 28 ga Yulin 2024 yana cina a rai. 'Yan ƙwallon kwando na Sudan ta Kudu sun jera a fili, karon farko kenan da ƙungiyar ta taka gasar Olamfik, za su kara da Puerto Rico, kowa ya nutsu yana jiran taken ƙasarsa, kawai sai lasifika ta saki taken Sudan. Magoya baya suka hau ihu, aka katse, 'yan wasan suka yi cirko-cirko hannu a ƙirji har aka nemo nasu aka sa.

Masu shirya gasar sun ba da haƙuri, wai kuskure ne na ɗan Adam. To na yarda ba da gangan aka yi ba, amma a duba ko su waye aka yi wa. Mutanen nan sai 9 ga Yulin 2011 suka samu ƙasarsu, bayan yaƙin da aka gwabza daga 1983 zuwa 2005 wanda ya ci rayuka kusan miliyan 2, wasu cikin yaran ma a gudun hijira aka haife su ko suka tashi, kuma shi Luol Deng da ke shugabantar hukumarsu da kuɗin aljihunsa ya riƙa ɗaukar nauyin ƙungiyar. Irin waɗannan ne za ka sa wa taken ƙasar da iyayensu suka zubar da jini kafin su rabu da ita?

Kuma fa kwana biyu kafin nan, a bikin buɗe gasar a kogin Seine da ke Paris, mai sanarwa ya kira tawagar Koriya ta Kudu da sunan Koriya ta Arewa, sai da Thomas Bach, shugaban kwamitin Olamfik na duniya a lokacin, ya buga wa Yoon, shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, waya ya ba da haƙuri. A gasar Olamfik ta 2012 a Glasgow akasin haka aka yi, aka nuna tutar Kudu kusa da hotunan 'yan ƙwallon mata na Arewa, suka fice daga fili, wasansu da Kolombiya ya makara da wajen awa guda.

Mu ma abin ya shafe mu, don Nijar da Najeriya kullum Turawa haɗa su suke, ga shi Nijar ta canja take a 2023, Najeriya ta koma tsohon nata a 2024, duk wanda ya dogara da tsohon fayil a kwamfuta sai ya kwafsa.

Ni abin da nake so a mayar doka shi ne, kafin kowane wasa a kira jami'in tawaga a sa masa taken ya ji da kunnensa, a nuna masa tuta da sunan da za a kira, ya sa hannu. Minti biyar ma ba zai ci ba.

Sudan ta Kudu dai ta ci wasan 90 da 79.