Karanta imel ba shi ne haɗarin ba, dannawa ce

Ana cewa a guji buɗe imel ɗin da ba a yarda da shi ba. To, karantawa kaɗai ba kasafai take jawo ɓarna ba, danna mahaɗa (link) ko sauke fayil ne matsalar. Masu POS a kasuwannin Gujungu da Maigatari, in aka turo muku "an toshe asusunka", ku taɓa 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai turowa a Gmail, adireshinsa na gaskiya zai fito. Sunan banki amma adireshin ya ƙare da gmail.com? Magana ta ƙare.

Mahaɗa kuwa a danne ta da yatsa na ɗan lokaci, adireshinta zai bayyana shafin bai buɗe ba. Na gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa. Gmail ba ya barin fayil ɗin .apk, wato na girka manhaja a wayar Android, ya wuce, shi ya sa ɓarayin ke turo mahaɗar sauke shi. Da ka girka, sai ya nemi izinin karanta SMS, in ka ba shi, lambar OTP ɗinka, wato lambar sirrin da banki ke turo maka ta SMS, ta shiga hannunsu ke nan.

A saitunan Gmail kuma ku zaɓi a riƙa tambaya kafin nuna hotuna, domin ta hoto mai turowa ke gane an buɗe saƙonsa.